Sakan Ɗaya da Rabi

Ƙarfe shida da kwata na iso gindin Gwauron Dutse
da tef, da littafi, da agogon da ofis ya ara min.
Na tsaya inda kwalta ta lanƙwasa ta bi bayan tudu
kamar wuyan raƙumin da ya hango ƙaya.

Abu ɗaya aka aiko ni in auno:
daga inda ido zai fara ganin ido
zuwa inda ƙarfe zai gamu da ƙarfe,
nisan nawa ne?

Na ja tef. Mita arba'in da ɗaya.
Sauran, katangar wani gida ta cinye,
ita da kes ɗin mai cajin waya
da wata darbejiya da ba ta san laifinta ba.

Mai gangarowa na gudun sittin,
mai hawowa na fama da arba'in.
Lissafi ba ya jin magiya, ɗari ke nan a tsakaninsu.
Sakan ɗaya da rabi.
Ko salati ba zai kai ƙarshe ba,
balle ƙafa ta bar totur ta lalubo birki.

Tasi'u mai faci yana kallona tun ɗazu,
hannunsa cikin ruwan baho yana neman hujin tif.
Ya ce, Injiniya, kai ne na uku.
Na farko ya zo da hular kwano, na biyu da kyamara.
Ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci,
ya girgiza min shi a kunne.
Fasassun gilasan fitila ne, ja da fari da ruwan lemo.
Kowace gamo, in ji shi, nakan tsinci ɗaya.
Ban iya biro ba.

Na ce, yaushe suka fi yawa?
Ya ce, in an tashi daga makaranta.
In an yi yayyafin farko, kwalta ta yi santsin kuɓewa.
In tifa ta ɗauko yashi tana hawa tana nishi,
ɗan adaidaita ya gaji da shaƙar hayaƙinta,
ya leƙa, bai ga kowa ba,
ya ɗauka rashin gani shi ne babu.

Akwai wani jan gilas da ya ware a aljihu.
Ban tambaya ba.
Shi ma bai faɗa ba, ya koma kan bahonsa.

Takardata gida uku gare ta:
kaɗan, matsakaici, mai yawa.
Na ja layi a na ƙarshe har biro ya huda.
Na rubuta a matsar da kes, a sassabe reshe,
a ja farin layi wanda bai yanke ba,
a kafa madubi a ƙuryar kwana, a zuba tudun rage gudu.
Na san kabad ɗin da za ta kwana,
na san fayil ɗin da zai danne ta.

La'asar sakaliya na tada mota.
Ga tifa a gabana, cike da yashi, tana rarrafe,
zafi ya dafa ni, waya na ta ƙara,
Barira ce, ta ce yaron jikinsa ya sake zafi.
Hanya ta yi shiru a hagu, fayau, kamar an share min.
Sai ga yatsana a kan sigina.
Ni da na ja tef ɗin.

Na ƙirga. Ɗaya.
Kafin in ce da rabi
wata bas ta ɓullo daga bayan katanga,
yara a tagoginta, fararen hijabai, wani na cin rake,
iskarta ta kaɗa min madubi.

Na bi bayan tifar nan har saman tudu,
yashi na zubo min a gilas,
gwiwata na rawa a kan kuloci.
A madubi na hango Tasi'u, ya miƙe tsaye,
gwangwanin na hannunsa, bai buɗe ba.